Ɗangiwa Ya Kwance Awakin Ƙetare

Duk wanda yat taɓa zama ƙasar Kebbe ya sani, da an yi ruwan shuka gero yaf fara tashi, hakimi za shi aiko mai shela shi zagaye gari: kowa shi ɗaure bisashenai. Akuya, tunkiya, jaki, duk a turke har girbi. Wadda anka kama tana yawo, dogari shi ja ta ƙofar hakimi, mai ita shi zo shi durƙusa gaban jama'a shi sha faɗa kafin a ba shi abinai. Haka anka gada, ba wanda yat taɓa tambayar dalili, don dalilin na nan tsaye kore shar cikin gona.

Sai daminar shekarar da Turawa za su miƙa mulki, wani mutum yat tambaya. Sunanai Ɗangiwa. Gajere na, ƙafafu awa muciya, amma in yab buɗe baki sai ka rantse mutum bakwai na. Rani biyu yay yi Ikko shina dakon buhun gyaɗa bakin jirgin ruwa, yad dawo da wata yagaggar rigar ruwa da labarin da har yau bai ƙare ba. Gidanai na shiyyar Ƙetare, gida tara kacal, rafi ya raba su da garin Tungar Dikko inda Hakimi Jumare ke zaune. In rafin ga ya cika, ba mai ƙetarewa sai bisa gora.

Bara Ɗangiwa bakin gona yaz zauna shina ba masu wucewa labarin Ikko har ciyawa tac cinye geron. Rumbu yaƙ ƙare tun tsakiyar rani, sai da matatai Atu tat tafi Jabo wurin wanta tas samo masu dawa. Ranar da tad dawo ta aje kwando tac ce, "Na Ikko, ka ji ni da kyau. Bana in rumbun ga bai cika ba, Jabo za ni, ba ni dawowa. In bar ka da labarinka ka tuƙa ka ci."

Ya ji tsoro kuwa. Bana yay yi noma na gaske. Gonatai na nan bayan gidaje, ta sauran mutane na can nesa bayan dutse. Geronai ya kai gwiwa, ba irinai duk Ƙetare.

Ran nan rafi ya cika maƙil, sai ga mai shela can wancan gaɓa, ya kasa ƙetarowa, ya kafa hannu ga baki shina ihu: "Hakimi na gaishe ku! Kowa shi ɗaure bisashenai!"

Mazan Ƙetare na zaune gindin tsamiya. Ɗangiwa yam miƙe yac ce, "Ku dubi wanga don Allah. Ko ruwa bai iya tsallakewa ba, amma shina ba mu doka. Jama'a, ga Bature na naɗe tabarmatai za shi gida, mu kuwa muna nan ana gaya muna inda za mu aje akuyarmu!"

Na'Allah barunde, mahaucin shiyyar, yac ce, "To mi kaka so a yi?"

"A yi ba-sarki!"

"Mi a ba-sarki kuma?"

Ɗangiwa yaj jawo turmi yak kife, yah hau yaz zauna. "Can Ikko na yi aboki, Bature na, kukun jirgi, kunnenai ɗaya. Shi yag gaya mani akwai mutane duniya da sunka ce ba sarki, ba alƙali, ba dogari, ba gwamna. Har yaƙi sunka yi bisa haka, can yab baro kunnen. Kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba, kashi fuɗu na. Kashi na farko sun ce komi na kowa na, ba nawa ba naka. Na biyu sun ce a'a, kowa da nashi, kada wanda yat taɓa na wani, ko sarki ko uban sarki. Na uku sun ce masu sana'a su riƙe sana'arsu da kansu, maƙera su yi hukuncin ƙira, masaƙa na saƙa. Na fuɗu sun ce ba duka, ba tilas, sai lallashi."

Bube, wanda duk duniya ba shi da komi sai wando ɗaya da ci, yac ce, "Maimaita na farkon nan."

Ɗan'iya, mai rijiya cikin gida, wanda ko wuta ba a ɗiba gidanai sai ya bi da kallo, yac ce, "A'a, na biyun dai."

Na'Allah yash shafa wuƙatai. Malam Ladan, tsohon da ke jan su salla, yac ce, "Na fuɗun nan akwai tausayi ciki."

"Duk ɗaya na!" in ji Ɗangiwa. "Kowa shi zaɓi nashi. Daga yau Ƙetare ba mai sarauta. Ba wanda ya fi wani!"

Bube yac ce, "To sauka bisa turmin."

"Don mi?"

"Mu muna ƙasa kai kana sama. Gadon sarauta na."

Ɗangiwa yas sauka shina yaƙe. Don shi maido martabatai, sai yaz zagaye gidajen nan tara, duk akuyar da mata sunka riga sunka ɗaure yak kwance ta. Yat tattara igiyoyi ƙunshi guda yak kai bakin rafi yaw wurga. Yay yi wa mai shela ihu, "Ka gaya wa Jumare mun sallame shi! Mun gode, Allah shi saka!"

Awaki arba'in sunka tsaya suna duban juna, ba su yarda da gaske na ba.

Wanshekare da hantsi Ɗangiwa yad dawo daga kewayen gona yat tarar da Bube zaune zaurenai, sanye da rigar ruwan Ikko, ƙwaryar furatai tsakanin ƙafafu.

"Bube! Mi nika gani?"

"Furarmu nika sha. Zauna in rage ma."

"Furarku da wa?"

"Komi na kowa na, in ji Baturenka mai kunne ɗaya. Jakinmu ma na ba ɗan'uwana ya tafi da shi Dogon Daji. Hauyarmu na gidana."

Ɗangiwa yac ce, "To, ba laifi, tarayya ta. Kai mi kak kawo cikin tarayyar?"

Bube yad dafa cikinai. "Wanga. Shi ma na kowa na, duk mai so shi zuba."

Kafin Ɗangiwa shi sami amsa sai yaj ji sara. Yaf fita yag ga Ɗan'iya da gatari, ya saro ƙaya ya shinge gidanai da ɗan lambunai na kuɓewa, har da hanyar rijiya.

"Ɗan'iya, ina za mu ɗebi ruwa?"

"Ga rafi can, ya cika."

"Jan ruwa na, laka zalla!"

"Kowa da nashi. Rijiya tawa ta, kakana yag gina. Da can tsoron hakimi nika bari ku ɗiba. Yanzu ka sallame shi, Allah shi yi ma albarka."

To shingen nan na Ɗan'iya ya tare gabas, rafi ya tare yamma. Hanya ɗaya tar rage wa awaki, ita kuwa tam miƙe sak cikin gonar Ɗangiwa. Wata jar akuya mai ƙaho ɗaya tash shiga gaba, saura sunka bi ta a jere awa masu rakiyar amarya.

Ɗangiwa yar rarumi sanda yar ruga shina kuwwa. Ya ɗaga ke nan za shi maka wa jar akuya, sai yaj ji an riƙe mashi hannu. Malam Ladan na.

"Haba Ɗangiwa. Ba duka, ba tilas. Kai kak koya muna."

"Malam, gerona suke ci!"

"To ka lallashe su. Halittar Allah ta, tana ji."

Mutane sun taru bakin gona, mata na leƙe ta kan danga. Ba damar Ɗangiwa shi ƙaryata kanai. Ya aje sanda, yag gyara murya, yad durƙusa gaban akuya.

"'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah. Ni nik kwance ki. Ga ciyawa can bakin rafi, mai taushi, ta fi wanga daɗi."

Akuya tad dube shi ido cikin ido, tam miƙa wuya ta ƙarƙashin hammatatai tac cizge wani gero.

"Ƙara tausasa murya," in ji Malam Ladan. "Ka faye gaggawa."

Har azahar Ɗangiwa na wa'azi. In ya lallashi ɗaya ta fita ta gabas, biyar sun shigo ta kudu. Yara da mata sunka yi dariya har wata tsohuwa tash shaƙe.

Rana ta uku sai ƙanshin nama yac cika shiyya. Ɗangiwa yab bi ƙanshi har gindin tsamiya yat tarar da Na'Allah ya feɗe wani taure ya rataye, shina yankan nama. Yad dubi fatar da ke shanye, fara mai baƙin wuya. 

"Na'Allah, wanga ba taurena na ba?"

"Shi na."

"Wa yab ba ka?"

"Ƙungiyar rundawan Ƙetare ta zauna ta yanke shawara. Duk bisan da yaƙ ƙoshi da gero har cikinai yak kumbura, gara a yanka kafin shi mutu mushe."

"Wace ƙungiya? Kai kaɗai am mahauci garin ga!"

"Shi ya sa ba a yi gardama ba. Zama ɗaya munka gama."

"Na aje shi don layya!"

"Kai manomi na, ka yi hukuncin gona. Maganar wuƙa ba taka ba ta."

Bube na gefe shina kasa nama tuli tara. Yam miƙa wa Ɗangiwa ƙafa ɗaya da rabin huhu. "Ga rabonka. Ka ga daɗin tarayya? Da can sai salla muke ganin nama."

Ɗangiwa yad daka tsalle yay yi ihu har tsuntsaye sunka watse bisa tsamiya. "Ya isa! Kowa shi kama akuyatai shi ɗaure yanzun ga!"

Ɗan'iya yal leƙo ta bayan ƙaya yac ce, "Wa yac ce?"

"Ni nic ce!"

"Kai a wa? Hakimi ko dogari?"

"Ni... ni mai ba da shawara na."

"To mun ji shawara, mun gode."

Na'Allah yac ce, "Ko mun yarda, da mi za mu ɗaure? Igiyoyinmu yanzu sun kai Yawuri."

Ɗangiwa yak koma gida da ƙafar taure a hannu. Yat tarar da Atu tsakar gida, ta wanke tasoshinta da ƙorenta tana jerawa cikin lefe ɗaya bayan ɗaya. Ba faɗa, ba harara. Wanga shi yaf fi tsorata shi.

"Atu, mi kika yi haka?"

"Shiri nika."

"Ai ba a yi girbi ba tukuna. Kin ce sai in rumbu bai cika ba."

"Na leƙa gonar. Awaki sun yi ma girbin rabi, gobe su ƙarasa. Mi zan jira?"

"Ni am mai gidan ga, na ce ba ki zuwa ko'ina!"

Atu taɗ ɗago kai. "Au, gidan ga ba cikin Ƙetare shike ba? Ka sallami Jumare mai rawani, kai mai yagaggar hula za ka rage?"

Wanshekare Jumma'a. Tun da safe Ɗangiwa yas sulale bayan gidaje da gora a ka, kada a gan shi. Ya sha gaya wa mutane ya yi iyo cikin teku har jirgi na yi mashi ƙaho shi kauce. Yat tuɓe riga yan naɗe bisa kai, yak kwanta bisa gora yat tura. Tsakiyar rafi ruwa yaj juya gorar, yaj juya ta, yas sake juyawa. Riga tat tafi. Hula tab bi ta. Ɗangiwa yar rungume gora shina kiran sunan uwatai. Ruwa yaj ja shi yak kai shi can ƙasa da gari, yat tofar da shi cikin laka daidai inda matan Tungar Dikko ke wanki. Sunka watse suna salati, sun ɗauka wani abin ruwa na.

Kafin shi lallaɓo cikin gari an sauko Jumma'a. Jama'a maƙil ƙofar Hakimi Jumare, an kewaye akwatin rediyo ana jin labarin shirin bikin karɓar mulki. Sai ga mutum ba riga ba hula, laka har gira, gora a hammata. Yaz zube gaban hakimi.

"Ranka shi daɗe."

Hakimi Jumare tsoho na mai sanyin magana. Yas sa anka rage rediyo, yad dube shi tun daga sama har ƙasa. "Wane na wanga? Baƙo munka yi?"

Dogarinai Namadi yac ce, "Ɗangiwa na, ranka shi daɗe. Na ƙasar Ƙetare."

"A'a! Manzon ƙasar waje. Ku ba shi tabarma. Ƙaƙa mutanen ƙasarku? Ƙaƙa sarkinku?"

"Ba mu da sarki, ranka shi daɗe."

"Haka nij ji. An ce mani kun sallame ni, har da godiya. To mi ke tafe da kai?"

Ɗangiwa yay yi ƙasa da murya. "Awaki, ranka shi daɗe."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Awaki sun cinye mani gona! A taimaka a aiko dogari shi sa a ɗaure su!"

Jama'a tak kwashe da dariya. Wani daga baya yac ce, "Ka lallashe su mana, an ce ka iya!" Ashe labari ya riga shi ƙetarowa.

Hakimi yac ce, "Ƙaƙa zan tura dogari ƙasar da ba tawa ba? Sai a ce na kai yaƙi."

"Taka ta, ranka shi daɗe! Wallahi taka ta, da mu da awakin duka!"

"Baturen naka mai kunne ɗaya ba shi fushi?"

"Kuku na, ranka shi daɗe. Ko miyatai ba ta da daɗi."

Sai da hakimi yash share hawayen dariya da bakin rawani sannan yac ce Namadi shi bi shi, duk bisan da yag gani sake shi kamo.

Wani baƙon masunci da yaz zo Jumma'a yaƙ ƙetarar da su cikin kwalekwalenai, Ɗangiwa sanye da aron riga da tak kai mashi har ƙasa. Tun cikin jirgi bakinai yad dawo. "Namadi, ka shirya bulala. Mutanen nan sun lalace, ba su jin magana. Ka fara da Bube."

Sunka hau gaɓa. Shiyya tsit. Ba kukan akuya cikin gona, ba ƙura, ba gudu. Ƙofar kowane gida awaki na ɗaure a turke da sabuwar igiyar kaba, suna tuƙa. An buɗe ƙayar hanyar rijiya, wata mata na jan guga. Gindin tsamiya matan shiyya na zaune da sauran kaba gabansu, Atu na tsakiya. Maza na gefe sun yi ladab.

Namadi yac ce, "Wa yas sa anka ɗaure bisashen ga?"

Atu tac ce, "Ba kowa. Da safe munka haɗu wurin daka, munka ce in sun gama da gonar wanga, bayan dutse za su, gonakinmu duka. Munka yanko kaba munka tufka. Kowace tak kama nata."

"Rijiya fa?" in ji Ɗangiwa.

Matar Ɗan'iya tac ce, "Na gaya mashi kowa da nashi, tukunya tawa ta. Kafin in rufe baki ya janye ƙaya."

Ɗangiwa yad dubi hagu yad dubi dama, sai yab buga ƙirji. "Kun gani! Namadi, ka gani da idonka! Ba hakimi, ba dogari, ba shela, mutane sun gyara abinsu da kansu. Abin da nika faɗi ke nan tun farko! Koma ka gaya wa Jumare ba mu bukata..."

"Dakata," in ji Namadi. "Waɗancan na wane na?"

Can tsakiyar ɗan abin da yar rage na gero, awaki biyu na kiwo hankali kwance.

Atu tac ce, "Nashi na."

"Atu! Don mi ba ku ɗaure nawa ba?"

"Kowace nata tak kama. Ni ba ni da akuya, kai kuwa ka tafi kiran hukuma."

Namadi yac ce shi dai an aiko shi kama bisa sake, ga shi ya gani. Yas sa Ɗangiwa da kanai yab bi su da gudu cikin aron riga, shina taka bakinta shina faɗuwa, har yak kamo su. Bube na tafi shina cewa, "Awakinmu! A yi masu a hankali!" Ranar sau biyu Ɗangiwa yad durƙusa ƙofar hakimi, na biyun da akuya kowane hannu.

Da yad dawo gab da magariba, yat tsaya bakin gonatai. Kashi uku, biyu sun tafi. Abin da yar rage ko gindin rumbu ba shi rufewa. Yaw waiga yag ga Atu tsaye, lefe a ɗaure gefenta. 

Malam Ladan yac ce, "Jama'a, awakinmu sunka ci, mu ma da namu laifi. A duba mashi."

Atu tac ce, "Mun riga mun duba. Awaki arba'in a turke suna son mai yanko masu ciyawa safe da yamma har girbi. In ya yi, kowane gida shi zuba mashi gero cikin rumbu. In bai yi ba, ga lefena."

"Ni? Ni da nag ga teku, in koma yankan ciyawa?"

Na'Allah yac ce, "Sarauta ta fa. Sarkin Turken Ƙetare."

Kunnen Ɗangiwa yam motsa. "Da rawani?"

"Da lauje," in ji Atu. "Kuma ka ji iyakar ikonka tun yanzu. Ciyawa, ruwa, sharar turke, nan kat tsaya. Ba ka kwance ko ɗaya. Ba ka kiran taro. Ba ka ambaton Ikko sai an ɗaure dami. In ka ƙetare ɗaya, mu da munka naɗa ka mu tuɓe ka."

"Wane irin sarki na wanga, an ɗaure shi ya fi awakin?"

"Irin wanda muke so ke nan."

Haka Ɗangiwa yay yi wata uku da lauje da buhu, bayanai yas sunkuye, hannunai yay yi kanta. Da kaka rumbu yac cika har sai da anka danna da ƙafa. Atu tak kwance lefe.

Bayan girbi, ranar kasuwar Tambuwal, anka gan shi rumfar masu goro ya tara mutane. "Ni nan da kuke gani na riƙe sarauta. Talakawa arba'in! Ba wanda yat taɓa kai ƙarata, ba wanda yak kwana da yunwa."

Bube na bayanai shina cin goron wani, yac ce, "To ba-sarkin fa, Sarkin Turke? Ka bar ta?"

Ɗangiwa yag gyara hula yac ce, "Wa yab bar ta? Ga mutane tana yi, na gani da idona. Kuskure ɗaya Baturen nan yay yi, bai taɓa kiwon akuya ba."